Bayan arba'in: makarantar safe, ajin ittihad, ko karatu daga gida?

Da zarar mai jego ta yi arba'in, an daina hura wutar ruwan wanka, an rage dama kunun kanwa, sai maganar da aka jingine tun cikin yana wata shida ko bakwai ta sake tasowa: yarinyar nan za ta koma makaranta ne, ko shi ke nan? A gidajenmu na Hausawan Sudan, a Gadarif da Kasala da Sinnar da Mai Wurno da Damazin ba kasafai ake cewa a'a ƙiri-ƙiri ba. Abin da ake cewa shi ne, "Bari dai yaron ya yi ƙwari," ko kuwa, "Sai ta yaye." Mai faɗin haka yawanci da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma yaye a wurinmu yakan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma kafin a kai can sau da yawa wani cikin ya shiga, an rabar wa ƙanne littattafan, lissafin da ke kanta ya bi iska. Shi ya sa ban sa jira cikin hanyoyin da zan auna a nan ba.

Hanyoyi uku ne ke kai yarinya ga Shahadar Sudan, jarrabawar kammala sakandare. Ko dai ta koma makarantar gwamnati ta safe kamar kowace ɗaliba, ko ta shiga ajin ittihadul mu'allimin, wato azuzuwan ƙungiyar malamai, ko ta yi rajista cikin 'yan manazil, masu karatu a gida su zo su zana jarrabawa kawai. Duk ukun takarda ɗaya suke zanawa a lokaci ɗaya. Inda suka bambanta shi ne abin da kowace ke nema daga yarinyar, da jaririnta, da mutanen gidan.

Lokacin da muke ciki ya sauya lissafin, don haka sai an fara da shi. Tun kafin yaƙi auren wuri ba baƙo ba ne a Sudan. Binciken gidaje da aka yi a 2014 ya nuna kusan mace ɗaya cikin uku, a tsakanin masu shekara 20 zuwa 24, an aurar da ita kafin ta cika 18, kuma dokar iyali ta Musulmi ta 1991 ba ta hana hakan ba. Sai ga yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe makarantu. A 2024 UNICEF ta ce yara kusan miliyan 17 cikin miliyan 19 da suka isa karatu ba sa zuwa makaranta. A Gadarif da Kasala azuzuwa suka zama masaukin waɗanda suka tsero daga Khartum da Madani, daga baya kuma daga Sinja. Ɗaliban da ya kamata su zana shahada a 2023 sai ranar 28 ga Disamba 2024 suka samu zama. A tsawon wannan zaman jira ne iyaye da yawa suka ga 'ya mace tana zaune ba makaranta ba ranar buɗewa, ga tsoro ga matsin rayuwa, suka aurar da ita. Mafi yawan masu goyon da ake maganar komawarsu yanzu 'yan wannan zamanin ne.

Akwai abu ɗaya da wannan masifa ta zo da shi wanda ya kamata a yi amfani da shi. A da, yarinya mai shekara 19 a aji biyu na sakandare abin nuni ce. Yanzu kowa ya yi asarar shekara ɗaya ko biyu, ajin cike yake da waɗanda suka girmi ajinsu. Kunyar "na yi girma da aji" da ke hana da yawa komawa ta ragu ƙwarai, kuma ba za ta daɗe a haka ba. Nan da 'yan shekaru, in al'amura sun daidaita, ƙofar za ta sake ƙuntata.

Mu fara da makarantar safe, domin ita ce mafi inganci kuma ita ce mafi wuya. Abin da take bayarwa babu mai ba da shi: malami ga kowane darasi, jadawalin da ke tilasta wa mutum ya buɗe littafi ko yana so ko ba ya so, jarrabawar gwaji kafin ta gaske, ƙawayen da za a ari littafin rubutunsu ranar da aka yi fashi. Makarantar ce kuma ke ɗaukar nauyin rajistar shahada, yarinya ba za ta yi ta zarya ofis-ofis da goyo ba. Kuɗinta ya fi sauran sauƙi, ko da yake tun da albashin malamai ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi makarantu da yawa na neman gudummawar iyaye.

Farashinta na gaskiya sa'o'i ne. Daga Lahadi zuwa Alhamis, tun jerin safe har bayan azahar, uwa ba ta tare da ɗanta. In aka haɗa da tafiya da dawowa, awa shida zuwa bakwai ke nan. Jaririn da bai kai wata shida ba nono zalla ake so ya sha, ko ruwa ba a so a ba shi. Za a ce ta tatsa ta bari. Haka ne, amma nonon da aka tatsa bai kamata ya wuce awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi ba, mu kuwa a watannin Maris zuwa Mayu zafin Gadarif yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuma sai ta ga dama. Madarar gwangwani ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma in aka haɗa ta da ruwan da ba a tafasa ba gudawa ce ke biyo baya. Ita kanta uwar, kafin darasi na uku ƙirjinta ya cika ya yi tauri, nono ya fara ɓata mata riga, hankalinta ya bar allo.

Na ga yadda wata kaka ta warware wannan a wata makaranta da na koyar. Kullum dab da hutun faɗur, wato na karin kumallo, wajen hantsi, za ka hango ta a gindin darbejiyar bakin ƙofa da jikanta a baya, ta lulluɓe shi da mayafi saboda rana. Maigadi ya saba da ita, sai ya buɗe mata ta wuce ɗan ɗakin da mai sayar da dafaffen waken ful ke ajiye kayanta. Ana kaɗa ƙararrawa yarinyar za ta fito da sauri, ta zauna a kan buhun gawayi, ta karɓi ɗan ta sa masa nono, ɗaya hannun tana cin burodinta, kakar tana yi mata fifita da murfin kwali. Ta sauya tsumman da ta naɗe a cikin riga, ta miƙa shi, ta ce, "Inna, in ya yi kuka kafin in taso a ba shi na cikin kofin," ta koma aji. Wannan yarinya ta gama. Amma a lura da abin da ya sa abin ya yiwu: gidan yana kusa, ana zuwa da ƙafa, kakar ba ta zuwa kasuwa da safe, shugabar makarantar ta yarda. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, tsarin ya rushe.

Maganar shugabar makaranta ba ƙarama ba ce. Wata mudira, wato shugabar makaranta, za ta karɓi mai aure hannu bibbiyu, wata kuma za ta ce matar aure na buɗe wa 'yan mata ido, ta nuna mata hanyar ittihad. Abin da na lura yana sauya fuskar mudira shi ne wanda ya rako yarinyar. In ita kaɗai ta je, ko da uwarta, akan ce ta dawo wani makon. In mijin ne ko mahaifin ya je da kansa ya ce, "Ustaza, ga iyalina, a aji biyu ta tsaya. Na amince ta dawo, kuma ga wadda za ta riƙe yaron," magana takan ƙare a ranar. A zaman nan ne ya kamata a nemi abubuwa biyu a fili: izinin shayarwa lokacin faɗur, da uzurin ranakun rigakafi. Allurar jarirai tana faɗowa a mako na 6 da na 10 da na 14, sai ta ƙyanda a wata na 9, kuma wani lokaci takan zo da daren zazzaɓi. Ƙara da zazzaɓin cizon sauro na damina. Yarinyar za ta yi fashi, babu makawa, gara a san da shi tun farko da a riƙa ƙirga mata shi a matsayin sakaci. In mudira ta ƙi, ba a nan maganar ta tsaya ba, akwai ofishin ilimi na mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, akwai kuma wata makarantar.

Ajin ittihad shi ne matsakaici, kuma ga masu goyo da yawa shi ne ya fi dacewa. Azuzuwa ne na biya da malamai ke gudanarwa, galibi don 'yan aji uku da masu maimaita shahada, a wurare da yawa cikin ginin makarantar gwamnati bayan 'yan safe sun tashi, wasu kuma da safen. Sau da yawa malaman da ke koyar da 'yan safe su ne dai a nan. Abin da ya fi burge ni da shi shi ne mutanen cikinsa. Akwai wadda ta zana bara tana son ƙarin maki, akwai matar aure mai 'ya'ya biyu, akwai mai aiki a kemis. Ba wanda zai waiwayo don an ga lalle a ƙafarki ko an ji ƙamshin turaren amare a jikinki. Sa'o'in sun fi na safe gajarta, ba jerin safe, ba shara, ba wasanni, darussan jarrabawa ne zalla. Uwa za ta iya shayar da ɗanta ya ƙoshi, ta fita, ta dawo kafin yunwa ta tashe shi sosai. Kuma da rana an fi samun mai riƙe yaro: ƙannen miji sun dawo daga makaranta, masu tallar gyaɗa da abinci sun dawo gida.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Na farko, kuɗi ne, kowane wata ko kowane zango, ga kuɗin raksha, wato keke mai ƙafa uku, zuwa da dawowa, kuma wanda ya ɗauki alkawarin biya a watan farko ba lallai ya iya a na huɗu ba. Na biyu, lokacin ya ci karo da girkin dare. In gidan mai kishiya ne ko gidan gandu, ranar girkinta za ta zama ranar fashinta, sai dai in an zauna an sasanta tun farko. Na uku, dawowar magariba a garin da tsaro bai gama daidaita ba abin dubawa ne, ba kowane miji zai yarda ba, kuma yana da hujja. Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci a wurina na mai koyarwa: ittihad gudu yake yi. An gina shi ne a kan cewa ɗaliba ta riga ta ga darussan, ko aƙalla tana da tushen aji ɗaya da biyu. Yarinyar da ta bar makaranta a tsakiyar aji ɗaya, ta yi shekara biyu ba ta riƙe alƙalami ba, in aka jefa ta ajin shahada don a gama da wuri, za ta zauna ne tana kwafar abin da ba ta gane ba. Ta faɗi, a ce ai dama ba ta da ƙwaƙwalwar karatu, alhali matakala biyu aka sa ta tsallake. Azuzuwan kuma ba ɗaya suke ba. Kafin a biya, a tambayi 'yan bara: malamin lissafi yana zuwa? An gama manhaja kafin jarrabawa, ko a rabi aka tsaya?

Makarantar kuɗi mai zaman kanta kusan makarantar safe ce da kuɗi mai yawa da ɗan sassauci. In akwai ɗan'uwa a Jidda ko Riyad da ke turo kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, ana iya duba ta. Sa'o'inta dai ba su ragu ba, matsalar nono tana nan.

Sai manazil, wadda zan daɗe a kanta domin ita ce kowa ke yi wa maraba. Miji ya ji daɗi, matarsa ba ta fita. Uwar miji ta ji daɗi, akwai mai taya ta aiki. Mahaifin yarinya ya ji daɗi, ya cika alkawarin cewa 'yarsa za ta ci gaba da karatu kuma kuɗin rajista kawai zai biya. Ita ma yarinyar takan ji sanyi, ba kunyar ƙawaye, ba rabuwa da jariri. A zaman shawara na gida, da an ambaci manazil sai ka ga fuskoki sun saki, an tashi taro da addu'a.

Ga yadda ranar ɗalibar manazil take. Ta gama wanke-wanken safe, ɗan ya yi barci, ta shimfiɗa tabarma a rumfa ta buɗe littafin tarihi. Ba ta gama shafi ɗaya ba uwar miji ta ɗaga murya daga madafa: "Amarya, zo ki duba min tukunyar nan, zan leƙa maƙwabta." Ta je ta dawo, sai ga sallama, gwaggon miji ce ta zo ganin yaro, dole a kawo ruwa, a dafa shayi, a zauna. Baƙuwa ta tafi, ɗan ya farka. Ta goya shi ta koma tabarma, ta tarar wani ƙaramin yaro ya yi zane a littafin. Azahar ta yi. Babu wanda ya yi mata mugunta a cikin mutanen nan. In ta ce karatu take yi, amsar ita ce, "To ai kina gida, kya yi anjima." Wadda ta sa kayan makaranta ta fita, kowa ya san ba ta nan, dole a nemi wani ya duba tukunya. Wadda ke rumfa da littafi tana nan, kuma matar da ke nan ba ta ƙin aike. Da dare kuma, bayan ta shayar sau biyu ko uku, idonta ba ya iya ɗaukar layi biyu. Haka makonni ke wucewa har a kafe ranar jarrabawa. Na san waɗanda suka yi rajista suka karɓi lambar zama, ranar farko suka kasa fita don sun san ba su karanta komai ba.

Akwai kuma abin da ya shafi darussan kansu. Shahada darasi bakwai ce. Huɗu dole ne ga kowa: Larabci, Ingilishi, ilimin addini da lissafi. Sauran uku sun dogara da ɓangaren da ɗaliba ta zaɓa, kimiyya ko adabi. Tarihi da labarin ƙasa da addini mai naci zai iya karanta su shi kaɗai. Lissafi da Ingilishi ba sa karantuwa ba malami, balle fiziya da kimiya, wato fiziks da kemistiri. Larabcin ma kada ya ruɗe mu. 'Ya'yanmu suna jin Larabci kamar kowa, da shi suke ciniki da shi suke faɗa, amma nahawu da balaga da ake tambaya a takarda wani abu ne daban, kuma yarinyar da ta tashi da Hausa a tsakar gida tana bukatar mai gyara mata rubutu. Saboda haka wadda burinta aikin jinya ko ungozoma ko wani fannin lafiya, wanda sai da kimiyya da darasin ahya, wato ilimin halittu, manazil ba hanyarta ba ce, sai in akwai malami a gidan. Mai neman adabi don ta shiga kwalejin horon malamai ko shari'a tana da ɗan sarari. Za a ce akwai darussa a YouTube da rukunonin WhatsApp. Akwai, kuma suna taimakawa, amma sai da caji da kuɗin intanet, kuma ba mu manta da watan Fabrairun 2024 ba, lokacin da layukan waya suka ɗauke a kusan duk ƙasar.

Ban ce manazil ba ta da mai ita ba. Ta dace da yarinyar da ta riga ta gama manhajar aji uku, jarrabawa kawai ta kuɓuce mata, kamar da yawa cikin 'yan 2023 da yaƙi ya rutsa da su suna bita. Ta dace da wadda ke ƙauyen da babu sakandaren 'yan mata kusa, ko wadda aka yi wa tiyata jikinta bai koma ba. Ko ga waɗannan, sai an cika wasu sharuɗɗa. Karatun kada ya kasance a gidan da take aure: ta riƙa fita awa uku kullum zuwa gidan mahaifiyarta ko na wata malama, a lokaci tsayayye da kowa ya sani. A samo mai koya mata lissafi da Ingilishi ko sau biyu a mako. A nemo takardun jarrabawar shekarun baya ta riƙa amsawa da agogo a gabanta. In da hali su zama su biyu ko uku, domin ranar da ɗaya ta yi sanyi ɗaya za ta zo ta ɗaga ta. Rajista kuma a wuyan gida take, ba makarantar da za ta tuna musu, dole wani namiji a gidan ya riƙa bibiyar sanarwar ma'aikatar ilimi ta jiha kada ranar rufewa ta wuce.

Akwai yarinyar da duk wannan awon bai yi daidai da ita ba, kuma ba zan tsallake ta ba. Ita ce wadda ta haihu ba aure, har da waɗanda aka yi wa fyaɗe a yaƙin nan. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar a 2024 cewa an yi wa mata da 'yan mata wannan ta'asa da yawa, kuma mu da muka karɓi masu gudun hijira ba sai an gaya mana ba. Ga irin wannan yarinya, komawa tsohuwar makarantarta inda kowa ya san ba a ɗaura mata aure ba azaba ce, kuma dokar ƙasa kan zina tana sa iyali tsoron duk abin da zai fito da zancen fili. Abin da na ga ya yi aiki shi ne sauya gari: ta koma wurin gwaggo ko inna a wata jihar, ta shiga ittihad inda ba a tambayar mai goyo ina mijinta. Kulle ta a ɗaki da sunan manazil ƙara mata ciwo ne. Ita ce ta fi kowa bukatar takardar nan, domin wata rana da hannunta za ta ciyar da ɗan.

Wadda kuma ba ta kai sakandare ba tukuna, a tuna an dawo da tsarin shekara shida na firamare, uku na mutawassiɗa, wato matakin tsakiya, uku na sakandare. Ita sai ta fara cike gurbin da ta bari, ta hanyar makaranta ko azuzuwan ilimin manya, kafin a yi zancen shahada.

To wacce za a zaɓa? Ni tambayoyi uku nake yi wa duk gidan da ya nemi shawarata, kuma ba na fara da ƙoƙarin yarinyar. A wane aji ta tsaya? Wata nawa jaririn zai kasance ranar da za ta fara fita? Wace ce, da sunanta, za ta riƙe shi, kuma ina take a watan Oktoba? Tambaya ta ukun nan takan ba mutane mamaki, amma a ƙasar Gadarif da Sinnar lokacin yankan riɗi ne, daga nan a shiga girbin dawa. Maza sun tafi gona, mata da yawa sun bi su ko sun koma dafa wa 'yan ƙwadago abinci. Kakar da ta yi alkawari da damina za a neme ta a rasa da kaka. In babu mai maye gurbinta a watannin nan, a sani tun yanzu.

In yarinyar a aji ɗaya ko farkon aji biyu ta tsaya, makarantar safe ce, babu wata gajeriyar hanya. In jaririn bai kai wata shida ba kuma gida da nisa, gara ta jira 'yan watannin nan tana bitar littattafan baya, amma a rubuta sunanta a makaranta yanzu, a sa rana, kada a bar shi a "in ya yi ƙwari". In ta gama aji biyu ko ta taɓa aji uku, ittihad na fi so mata, musamman in tana shayarwa, domin yana fitar da ita daga gida ba tare da ya raba ta da ɗanta yini guda ba. Manazil ita ce ta ƙarshe a wurina, ga wadda ta gama manhaja ko wadda ba ta da wata ƙofar, kuma da sharuɗɗan da na ambata. Duk gidan da ya zaɓi manazil don kawai ta fi sauƙi ga manya, ya sake zama.

Kowacce aka ɗauka, akwai magana ɗaya da ake jin nauyin yi, kuma ita ke rusa komai: ciki na biyu. Shayarwa ba ta hana ɗaukar ciki tabbas, musamman bayan wata shida ko in al'ada ta dawo, kuma wadda ke barin ɗanta sa'o'i tana rage shayarwar. Mijin da ya amince da karatu da gaske, shi da matarsa su je wurin ungozoma a asibitin unguwa a yi zancen tazarar haihuwa. Jikin yarinya mai shekara 16 ko 17 ma yana bukatar hutun, ko da babu zancen makaranta. In dattijan gida suka ce karatun matar aure baƙon abu ne, mu da kakanninmu suka taso daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin kogi muna da amsa daga gida: Nana Asma'u 'yar Shehu matan aure da tsofaffi ta riƙa aika wa jajis, malamai mata da ta horar, suna koyar da su har ƙauyukansu.

Takardu kuma a fara nemansu tun ana jego. Ba a rajistar shahada sai da lambar ɗan ƙasa, kuma sunan da ke kanta dole ya dace da na takardun makaranta harafi da harafi. Iyalai da yawa sun rasa takardunsu, wasu a rikicin ƙabilanci na jihar Nil Azrak (Blue Nile) na Yulin 2022, wasu a gudun yaƙin nan, kuma fitar da sababbi na cin lokaci. Wadda ta yi karatu a wata jihar tana bukatar shaidar ajin da ta kai kafin a karɓe ta. Ranakun jarrabawar su ma a tsara su tun da wuri: kusan mako biyu ake yi ana zanawa, cibiyar da za a tura ta ba lallai ta kasance a unguwarsu ba, kuma ba a shiga da goyo. A ware kuɗin raksha na kwanakin gaba ɗaya, a ɗauke mata girki, a kuma sa wadda za ta riƙa bin ta da yaron ta zauna kusa da ƙofar cibiyar, domin ta shayar da shi kafin ta shiga da kuma da zarar ta fito.